Da abokin daka akan sha gari: kakar 1951 ta Jami'ar San Faransisko

A ƙarshen watan Nuwamban 1951, 'yan wasan ƙwallon Jami'ar San Faransisko suka hau jirgin ƙasa daga kudancin Kalifoniya za su koma gida, jiki duk tsami amma rai fes. Sun baro filin Rose Bowl da ke Pasadena bayan sun doke Jami'ar Loyola da maki 20 da 2. Wasansu na tara ke nan a kakar, kuma nasararsu ta tara. Babu wanda ya ci su, babu wanda ya riƙe su canjaras. A al'adar wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiyar da ta yi irin wannan bajinta abu ɗaya take jira, wato goron gayyata zuwa ɗaya daga cikin manyan wasannin da ake yi ranar 1 ga Janairu, waɗanda ƙasar gaba ɗaya ke kasa kunne a kansu. Samarin nan sun sa rai da wasan Orange Bowl na birnin Miyami, a jihar Fulorida.

Ba su je Miyami ba, ba su kuma je ko'ina ba. Kafin shekarar ta fita, jami'ar ta sanar da cewa ta rufe wasan ɗungurungum. Yau fiye da shekara saba'in ke nan, an manta da ɗaruruwan ƙungiyoyin da suka ɗaga kofuna a tsakanin, amma ana ba da labarin wannan ƙungiya da ba ta ɗaga komai ba. Ina ganin sun cancanci a tuna da su, kuma dalilin da ya sa suka cancanta ya shafi kowane mutumin da aka taɓa ce wa: kai ka shigo, amma abokin tafiyarka ya tsaya a ƙofa.

Ƙwallon da ake magana a kanta ba tamaula irin tamu ba ce. Ƙwallon Amurka doguwa ce mai siffar gwanda, da hannu ake riƙe ta a ruga, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su matsa gaba yadi 10, in sun yi a sake ba su wasu huɗun, har su kai ta ƙarshen fili su sami maki 6. Ɗaya ɓangaren kuwa aikinsa ya kama mai ƙwallon ya kayar da shi ƙasa. Ga wanda ya saba kallon kokawa, zai ga kamar an haɗa kokawa da tsere a fili guda. Akwai wani abu a cikin tsarin wasan da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu: mutumin da ke gudu da ƙwallo ba ya iya taku biyar sai ƙattin da ke gabansa sun sa ƙirji sun ture abokan hamayya sun buɗe masa hanya. Sunan mai gudun ake kira a rediyo, amma haƙarƙarin wasu ne ke shan duka kafin ya wuce.

Mai gudun wannan ƙungiya shi ne Ollie Matson, baƙar fata, haifaffen jihar Texas da ya girma a San Faransisko. A waccan kakar ya yi gudun yadi 1,566 da ƙwallo a hannu, ya kai ta ƙarshen fili sau 21, babu ɗan wasan jami'a a faɗin Amurka da ya kamo shi. A watan Oktoba, da suka je New York suka kara da Jami'ar Fordham, sau biyu yana cafe ƙwallon da aka bugo daga farkon zagaye, ya ratsa mutum goma sha ɗaya, ya keta kusan tsawon filin gaba ɗaya ba wanda ya kayar da shi. An tashi 32 da 26. Baƙar fata na biyu shi ne Burl Toler, ɗan birnin Memphis, wanda bai taɓa buga wasan ba sai da ya shiga kwalejin birnin San Faransisko, inda suka haɗu da Matson suka ƙulla abota. Toler mai tsaron baya ne, kuma abokan wasansa da dama sun riƙa faɗa har tsufansu cewa duk ƙungiyar babu kamarsa.

Sauran kuma ba kanwar lasa ba ne. Akwai Gino Marchetti, ɗan baƙin haure daga Italiya, wanda ya riƙe bindiga mai jigida a fagen daga a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya shigo jami'a. Akwai Bob St. Clair, dogo mai ƙafa shida da inci tara. Akwai Ed Brown mai jefa ƙwallo. Kocinsu Joe Kuharich mutum ne mai tsanani, wanda ya yi suna wajen gasa wa 'yan wasa aya a hannu a lokacin atisaye. Har saurayin da ke rubuta wa jaridu labarin ƙungiyar, Pete Rozelle, daga baya shi ya shugabanci gasar ƙwararru ta NFL daga 1960 zuwa 1989. Mutum uku daga cikin wannan ƙungiya guda, Matson da Marchetti da St. Clair, sun shiga zauren karrama gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohayo. Jami'ar kuwa ƙarama ce, ta limaman Katolika 'yan ɗariƙar Jesuit, ba ta da dukiyar manyan jami'o'in jihohi. Ana yi wa ƙungiyar laƙabi da Dons.

Sai mutum ya san Amurkar 1951 zai gane nauyin abin da ya biyo baya. Shekara huɗu kacal ke nan da Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar ƙwallon gora ta zamani. Saura shekara uku kotun ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, saura huɗu Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a cikin bas a Montgomery. A jihohin kudu, otal daban, gidan abinci daban, famfon shan ruwa daban, kujerun 'yan kallo a filin wasa ma daban. Manyan wasannin gayyata kuwa, in ka cire Rose Bowl, duk a kudu ake yin su: Orange Bowl a Miyami, Sugar Bowl a New Orleans, Gator Bowl a Jacksonville, Cotton Bowl a Dallas.

A cikin wannan kaka ne kuma, ranar 20 ga Oktoba, aka yi wani abu a garin Stillwater na jihar Oklahoma da ya nuna halin da baƙar fata ke ciki a fili. Johnny Bright na Jami'ar Drake, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan ƙasar, ya miƙa ƙwallo ga abokinsa, ya tsaya yana bin ta da ido, hannunsa babu komai. Wani ɗan wasan Oklahoma A&M mai suna Wilbanks Smith ya bar mai ƙwallon, ya nufo Bright kai tsaye, ya sakar masa gwiwar hannu a muƙamuƙi. A lokacin hular kwanon 'yan wasa ba ta da ƙarfen da ke kare fuska. Muƙamuƙin ya karye. Bright ya miƙe, ya daure ya jefa ƙwallon da ta ba su maki, kafin wani dukan ya fitar da shi daga wasan. Masu ɗaukar hoto na wata jaridar birnin Des Moines sun kama abin daki-daki, hotunan suka ci kyautar Pulitzer. Duk da haka ba a hukunta kowa ba, kuma sai a 2005 jami'ar da Smith ya yi wa wasa ta nemi gafara a rubuce. Wannan ita ce ƙasar da Matson da Toler ke wasa a cikinta.

To, ga abin da 'yan ƙungiyar San Faransisko suka riƙa bayarwa har ƙarshen rayuwarsu, bakinsu ɗaya a kai. Saƙo ya iso musu cewa ƙofar Miyami na iya buɗewa, amma da sharaɗi: a bar Matson da Toler a gida. Aka sanar da 'yan wasa. Ba a daɗe ana muhawara ba, suka ce a'a, kuma da zafi suka faɗe ta. Ranar 1 ga Janairun 1952, Georgia Tech da Baylor ne suka kara a Orange Bowl, ƙungiyoyi biyu na kudu da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, Georgia Tech ta yi nasara da 17 da 14.

Masu shirya wasan sun ba da nasu dalilin. Sun ce abokan karawar San Faransisko a waccan kakar ba masu ƙarfi ba ne. Gaskiya ne akwai ƙamshin hujja a maganar, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Manyan maƙwabtansu, Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ba su kara da su a shekarar ba. Sun buga da San Jose State har sau biyu, biyu daga cikin wasanninsu kuma da ƙungiyoyin sansanonin soja ne. Baylor ma tana gabansu a jerin da 'yan jarida ke fitarwa, tana ta 9 su suna ta 14. Sai dai hujjar ba ta da tsawon da za ta rufe komai. Jami'ar Kentucky, wadda aka ci sau huɗu a kakar, tana bayansu a jerin, amma an gayyace ta Cotton Bowl. Kwalejin Pacific, wadda San Faransisko ta lallasa da 47 da 14, ta samu goron gayyata zuwa Sun Bowl. Wanda aka kayar ya tafi biki, wanda ya yi kayen yana gida. Idan rauni a jerin abokan karawa ne ma'auni, to ma'aunin nan mutum ɗaya aka auna da shi.

A nan ne nake son in tsaya, domin a ganina mafi yawan masu ba da labarin suna wuce wurin da darasin yake. Zaluncin an yi wa Matson da Toler ne, wannan babu ja. Amma ba su aka yi wa tambayar ba. Su an riga an yanke musu hukunci tun kafin a buɗe baki. Waɗanda aka jarraba su ne fararen fatar da ke cikin ƙungiyar, mutanen da ƙofa take a buɗe gare su, waɗanda babu abin da za su rasa in sun yi shiru. Tsarin wariya, ko a ina yake, ba ya rayuwa da ƙarfin masu ƙiyayya kaɗai, domin su ko yaushe 'yan kaɗan ne. Abin da ke ciyar da shi shi ne mutanen kirki masu yawa da ake cewa su shigo, su kuma shiga, suna faɗa wa kansu cewa ba su suka kafa dokar ba.

A duba irin uzurorin da ke gaban samarin nan, kowanne kuma mai kama hankali. Na farko, jami'arsu na cikin matsin kuɗi, kuma sun sani. Tun 1946 ƙungiyar ƙwararru ta 49ers ta fara wasa a filin Kezar, filin da su ma suke amfani da shi, ta janye 'yan kallo. Talabijin ta fara zaunar da mutane a gida. Yaƙin Koriya yana ɗibar samari zuwa soja. Kuɗin da ake biyan ƙungiyar da aka gayyata babban wasa zai iya zama numfashin da shirin ƙwallon ke buƙata. Mai wayo zai iya cewa: ku je ku karɓo kuɗin, ku ceci wasan, baɗi wasu baƙaƙen fatar su sami gurbin karatu ta dalilinsa. Na biyu, ga yawancinsu wannan ce dama ta farko kuma ta ƙarshe da ƙasa duka za ta gan su, kuma masu neman 'yan wasa na gasar ƙwararru suna kallo. Na uku, wasa ɗaya ne, kwana kaɗan ne, a je a dawo a ci gaba da zumunci kamar da. Na huɗu, ƙin zuwansu ba zai canza dokar Fulorida ko da harafi ɗaya ba.

Duk wanda ya taɓa zama a taron da ake shirin zubar da wani ya san waɗannan maganganu. Ba a taɓa kawo cin amana da sunanta. Kullum cikin rigar maslaha take zuwa, da lissafi a hannu, kuma sau da yawa lissafin daidai ne. Abin da samarin nan suka gane, wanda manya masu digiri kan kasa ganewa, shi ne cewa akwai abin da in aka sa shi a kan sikeli an riga an yi asararsa. Da a ce sun zauna suna auna ko Matson ya kai kuɗin Miyami ko bai kai ba, da ko sun yanke cewa ya kai, abotar ta riga ta zama haja. Saurin amsarsu shi ne ya fi burge ni a cikin labarin duka.

Ina kuma ganin wasan da kansa ne ya koya musu. Ka ɗauki Marchetti a layin gaba, ya durƙusa, yatsunsa a ƙasa, numfashin abokin hamayya na bugun fuskarsa. Ana sakin ƙwallo zai sa kafaɗa ya ture mutum, ba tare da ya waiwaya ba, domin ya san Matson na tafe a bayansa kuma taku biyu kawai yake buƙata. In ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, wanda ya kuɓuce wa layin gaba Toler ne zai tare shi. Mako tara suna haka, gumi ɗaya, ɗakin sauya kaya ɗaya, jirgi ɗaya. Nasarori taran da suka sa Miyami ta san da zamansu, da ƙafafun Matson da kafaɗun Toler aka same su. Hausawa suka ce da abokin daka akan sha gari. Wanda ya ce a zo a sha garin amma a kori wanda ya riƙe taɓarya, ya nemi a ci haram ne, ko da kuwa a kwanon zinariya za a zuba.

Kada kuma a ɗauka abin ya zo musu da sauƙi, ko kuma duniya ta tafa musu. A ƙarshen Disamban 1951 jami'ar ta sanar da rufe shirin ƙwallon, bayan giɓin kuɗi na kusan dala 70,000. Adalci ne a faɗa cewa guguwar ta fi ƙarfin wasa ɗaya: Kwalejin St. Mary's ta riga ta rufe nata shirin shekara guda kafin nan, Loyola da suka doke a wasan ƙarshe ita ma ta rufe bayan wannan kaka, Santa Clara ta bi sahu bayan 1952. Mai yiwuwa ko da kuɗin Miyami, ƙarshen ke nan bayan shekara ɗaya ko biyu. Amma su a lokacin, igiyar da aka miƙo musu ke nan suna cikin rijiya, suka ga abin da aka ɗaura a jikinta suka ƙi kamawa. Waɗanda ba su gama karatu ba suka watse neman inda za su yi wasa; St. Clair sai da ya tafi Jami'ar Tulsa ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe. Matson, duk da ya fi kowa gudu da cin maki a ƙasar, na tara ya zo a zaɓen kambun Heisman na gwarzon shekara, wanda Dick Kazmaier na Princeton ya ɗauka.

Ina jaddada wannan farashi ne domin na ƙi jinin yadda ake mayar da irin wannan labari tatsuniya, a ce sun yi abin kirki sai Allah ya saka musu nan take. Wasu sun sami ɗaukaka daga baya, gaskiya ne, amma ƙwarewarsu ce ta ba su. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ba su sake sa hular kwano a gaban dubban mutane ba. Sun zama malaman makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikata, sun tsufa ba tare da wani ya san sunansu a wajen unguwarsu ba. Su ne suka fi yin asara, domin wasan Miyami shi ne zai zama abin da za su nuna wa jikoki. Idan za a yaba, da su ya kamata a fara.

Saura tambayar da ta fi wuya: me ƙin zuwan ya amfana? Fulorida ba ta canza ba a 1952. A ƙarshen 1955, da aka gayyaci Jami'ar Pittsburgh zuwa Sugar Bowl tare da ɗan wasanta baƙar fata Bobby Grier, gwamnan jihar Jojiya, Marvin Griffin, ya fito fili ya nemi a hana Georgia Tech zuwa wasan. Sai da ɗaliban jami'ar suka yi zanga-zanga a Atlanta aka buga. A 1958 aka gayyaci Jami'ar Buffalo zuwa Tangerine Bowl a Orlando, wasan gayyata na farko a tarihinta, aka kuma ce baƙaƙen fatarta biyu, Willie Evans da Mike Wilson, ba za su taka filin ba. 'Yan wasan Buffalo su ma suka ƙi zuwa, kuma sai da jami'ar ta jira shekara hamsin kafin ta sake samun gayyata. Dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a ba ta zo ba sai 1964.

Duk da haka ban yarda cewa aikin banza suka yi ba. Katanga irin wannan ba ta faɗuwa da bugu ɗaya. Kowane mai ƙin shiga yana ƙara wa masu tsaronta tsada. Masu shirya wasannin kudu 'yan kasuwa ne, suna son ƙungiyoyi mafiya kyau domin su cika fili. Duk lokacin da wata ƙungiya ta ce ko da kowa ko babu kowa, sai zaɓinsu ya ragu, wasansu ya rage armashi, har ranar da riƙe wariyar ya fi sakin ta asara. Ban da wannan ma, akwai amfanin da ba ya jiran sauyin doka. Samari biyu, a ƙasar da ke gaya musu kullum cewa darajarsu ba ta kai ba, sun ga abokansu sun ajiye babbar dama a rayuwarsu saboda su. Mutum na iya ɗaukar irin wannan shaida a ƙirjinsa har kabari, kuma tana iya canza yadda yake tsayuwa a gaban duniya.

Dubi yadda suka tsaya ɗin. Watanni kaɗan bayan an ce bai dace ya taka filin Miyami ba, Matson ya sa rigar Amurka a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, ya ciyo tagulla a tseren mita 400 da azurfa a tseren miƙa sanda na mutum huɗu. Ya shiga ƙungiyar Cardinals ta Chicago, ya yi kaka 14 a gasar ƙwararru. A 1959, Pete Rozelle, wanda a lokacin yake manajan ƙungiyar Rams ta Los Anjelis, ya ba da 'yan wasa tara domin ya karɓo Matson shi kaɗai. A 1972 aka shigar da Matson zauren Canton rana ɗaya da Marchetti, mai gudu da mai buɗe masa hanya.

Toler kuwa ƙaddara ta bi da shi wata hanya. Ƙungiyar Browns ta Cleveland ta ɗauke shi, amma a wasan fitattun 'yan jami'a na 1952 a Chicago ya ji mummunan rauni a gwiwa, wasansa ya ƙare tun bai fara cin moriyarsa ba. Ya koma aji ya kama alli. Ya koyar a wata makarantar San Faransisko har ya zama shugabanta, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a makarantun gaba da firamare na birnin. A 1965, Rozelle yana shugaban NFL, aka naɗa Toler cikin alƙalan wasa, baƙar fata na farko a tarihin gasar. Shekara 25 yana tsaye a bakin layi cikin riga mai ratsin baƙi da fari, usur a wuya, yana duba ko ƙwallo ta cika yadi goman ko ba ta cika ba, ƙattin fararen fata da na baƙaƙe duk suna jiran hannunsa. Mutumin da aka ce kada ya shiga fili ya zama wanda ake bin hukuncinsa a cikin fili, har a biranen kudu.

Karramawa ta zo a makare, kamar yadda ta saba. A 2006 jami'ar ta ba 'yan ƙungiyar digirin girmamawa. A Janairun 2008 masu shirya Fiesta Bowl a jihar Arizona suka gayyaci waɗanda suka rage da rai, suka fito gaban 'yan kallo, tsofaffi masu furfura da suka haura saba'in. Gayyatar da suka jira tana da shekara 56 a hanya. Toler ya rasu a 2009, Matson a 2011, St. Clair a 2015, Marchetti a 2019.

Mu da muka tashi muna jin tarihin Bilal da matsayin da Musulunci ya ba shi, ba ma buƙatar wani ya koya mana cewa launin fata ba ya ƙara wa mutum daraja ko ya rage masa. Da baki kowa ya yarda da wannan. Inda ake gane mutum shi ne ranar da jerin sunaye ya fito, nasa na ciki, na wanda suka yi wahalar tare babu, kuma kowa ya san dalilin: garinsu, ko yarensu, ko addininsa, ko don ba shi da kowa a sama. Ranar nan babu mai tilasta maka ka zalunci kowa. Abin da ake nema a wurinka kawai shi ne ka karɓi naka ka yi godiya ka wuce. Za ka sami uzurori huɗu ko biyar masu kyau, iyali na jira, dama ba ta dawowa, kai kaɗai ba za ka gyara duniya ba, kuma babu ƙarya a ko ɗaya daga cikinsu. Samarin San Faransisko ma suna da irin waɗannan uzurori, mafi yawansu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma babu wanda zai zarge su da sun tafi. Suka dubi mutum biyun da suka sha duka tare da su mako tara, suka zauna a gida tare da su.